Ina da Ciki Sati 9, na Ajiye Duk Wani Magani Don Tsoro: Me Zan Yi?

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da ciki na uku, yanzu sati 9. Kafin in gane ina da shi na yi zazzaɓi da ciwon jiki, maigida ya karɓo mani haɗi a kemis na sha kwana biyu, ban san sunayen magungunan ba. Kuma tun haihuwata ta biyu nake shan maganin hawan jini, lisinofiril. Da na tabbatar da cikin sai na ajiye komai don tsoro. Uwar mijina ta ce mai ciki ba ta shan maganin asibiti, ta kawo mani jiƙo. Maƙwabciyata kuma ta ce jan maganin da ake bayarwa a wurin awo yana sa ɗa ya yi girma, a sha wuya wurin haihuwa. Shin na cutar da abin da ke cikina? Wane magani zan sha, wanne zan bari?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya. Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma tagar da nake zama tana kallon layin masu awo, don haka kusan kullum sai na ji irin tambayar nan taki. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a saƙonki, duk da na lura ba shi ya fi tayar maki da hankali ba.

Hawan jinin nan shi ya fi tsaya mani a rai. Ajiye lisinofiril da kika yi daidai ne. Shi da danginsa, wato duk maganin hawan jini da sunansa a jikin kwali ya ƙare da haruffan "pril" ko "sartan", ba a ba mai ciki. Suna ratsa mabiyiya su taɓa ƙodar ɗan tayi. Daga tsakiyar ciki zuwa gaba, ruwan da ɗa ke kwance a cikinsa yawancinsa fitsarin ɗan ne, saboda haka idan ƙoda ta taɓu sai ruwan ya ja baya, huhu ya kasa girma yadda ya kamata, ƙashin kai ma bai ƙosa ba. An fi ganin wannan ɓarna ga wadda ta ci gaba da sha bayan wata uku. Ke kin tsaya da wuri, ki kwantar da hankalinki ta wannan gefen.

Sai dai hawan jinin bai tafi ko'ina ba don kin daina shan magani, an gudu ne ba a tsira ba. Mai tsohon hawan jini tana sahun gaba cikin matan da jijjiga ke kamawa, wadda a gida wani lokaci ake cewa iska ce a tsaya ana hayaƙi, alhali jini ne ya hau ƙwaƙwalwa ta kasa ɗauka. Yana iya sa mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci jini ya ɓarke, yana iya tauye girman ɗa. Kuma muna da magungunan da aka shafe shekaru ana ba masu ciki an san halinsu: Aldomet, da nifedifin, da labetalol. Ki je awo cikin satin nan, kada ki jira ciki ya fito. Mai yiwuwa idan an auna a tarar jinin ya sauka da kansa, don haka jikin mace ke yi a rabin farko na ciki, sai likita ya ce a sa ido kawai. Mai yiwuwa kuma a sa maki sabon magani nan take. Wannan hukunci na'urar awo ce ke yanke shi, yadda kike jin jikinki ba zai gaya maki ba. Daga 140 bisa 90 ana cewa jini ya hau, idan ya kai 160 bisa 110 kuwa ba a kwana da shi a gida. Ki kuma tambayi likita batun ƙaramin asfirin, mai miligiram 75, wanda ake fara ba irinku daga sati 12 don rage haɗarin jijjiga. Shi kaɗai ne asfirin da muke yarda da shi ga mai ciki, shi ma sai da rubutun likita.

To, sai haɗin kemis. Gaskiyar da zan gaya maki ita ce, magani na kwana biyu a farkon ciki da wuya ya zama sanadin nakasa. Magungunan da aka tabbatar suna ɓata halitta ba su da yawa, kuma galibinsu ba irin waɗanda ake zubawa a haɗin ciwon jiki ba ne. Ki kuma sani ko macen da ba ta taɓa kai ƙwaya ɗaya bakinta ba, a cikin kowace haihuwa ɗari ana samun kamar uku da suke zuwa da wata tawaya. Haka ɓari: kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na cikin da aka san da shi yana zubewa, mafi yawa a wata ukun farko, kuma babban dalilinsa matsala ce a ƙwayar halittar tun ranar haɗuwa. Ina faɗin wannan ne don na ga mata da yawa suna ɗora wa kansu laifin abin da ba su da hannu a ciki.

Duk da haka kada a bar maganar a duhu. Maigida ya koma wurin mai kemis ɗin, ya ce ya rubuta masa sunan kowace ƙwaya da ya zuba, ki tafi da takardar wurin awo. Sau da yawa mace kan zo tagata ta kwance bakin mayafi, ta fito da ƙullin farar leda, in zazzage a kan teburi: kafso ja da rawaya guda biyu, wata doguwar fara, 'yan ƙanana guda uku, wata mai ruwan ƙasa. Babu kwali, babu suna, babu ranar lalacewa. Ja da rawayan nan kowa ya san shi, tetirasaikilin ne, amma sauran ni kaina da na karanci abin ba zan rantse a kansu ba. Wannan shi ne babban aibin haɗi. Daga yau har ki sauka, har ki yaye, kada ki haɗiyi ƙwayar da aka ɓare daga katinta ba a gabanki ba. Balle wanda ake tallarsa a faranti a tasha ko ranar kasuwa, ya wuni a ranar Afrilu mai wuce digiri 40, alhali a jikin kwalinsa an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30.

Dalilin da ya sa muke yawan tambayar "cikin sati nawa ne" kafin mu miƙa magani shi ne, magani ɗaya yana iya zama lafiya lau a wani wata, ya zama matsala a wani. Muna ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Daga sati na 5 zuwa na 10 ake kafa harsashin gini: zuciya, ƙwaƙwalwa, laka, hannuwa, ƙafafu, leɓe da ganɗa. Abin da ya karkace a harsashi, da shi ginin zai tashi. Bayan nan gaɓoɓin girma suke yi suna ƙwari, sai illar magani ta koma kan yadda suke aiki, kamar ƙoda ko ji ko haƙori. Gab da haihuwa kuma abin lura shi ne abin da zai bi jinin jaririn ya fito da shi duniya. Duniya ta koyi wannan darasi da hawaye. A 1957 aka fara sayar da wani magani, talidomaid, a Jamus ta Yamma, ana ba masu ciki don barci da laulayi, ana cewa ba ya da illa. Kafin a janye shi a 1961 an haifi yara fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da guntayen hannuwa da ƙafafu, wasu babu su sam. Daga nan aka tsaurara dokokin gwajin magani, aka fara tattara bayanin duk abin da ya sami masu ciki. Albarkacin wannan tattarawa ne yau nake iya ce maki wannan sha, wancan bari. Ke kuma idan cikin ya kai sati 18 zuwa 22, ki yi hoton ciki, nan ake iya duba gaɓoɓin ɗa a ga yadda suka tsaya.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, ciwon da aka ƙi yi wa magani shi ma yana isa wurin ɗa, sau da yawa ma ya fi maganin ɓarna. Zazzaɓin cizon sauro shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Ciki yana rage wa mace kariyar da ta tara tun tana yarinya, musamman cikin fari da na biyu. Ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya ta tare hanyar abinci, ta shanye jinin uwa, ta jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko ɗa ya zo ƙanƙane, ko ya zo babu rai. A nan Katsina daga tsakiyar damina har kaka layin masu zazzaɓi ba ya yankewa. Idan jikinki ya yi zafi, a fara da gwajin yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito. In ya nuna akwai, a sha magani cikakke. Da can a wata ukun farko kwinin ake bayarwa har kwana bakwai, mata suna kasa ƙarasawa saboda jiri da ƙarar kunne. A ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara bayan ta duba bayanan da aka tara, ta ce haɗin da ke cikin Coartem shi ne zaɓin farko ko da a wata ukun farko. Idan zazzaɓin ya yi tsanani, allurar atesunet ake yi a asibiti ko cikin wata nawa ne. Abin da ba na so shi ne a ce "maleriya da taifod" a haɗa maki da sifuro, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar nan Cipro, ba tare da an san kina da ciki ba. Gwajin taifod ɗin da aka saba yi yana yawan nuna cuta inda babu ita, sifuro kuma muna kauce masa ga mai ciki in akwai wani.

Fansidar da ake bayarwa a wurin awo rigakafi ne, ƙwaya uku a sha a gaban ma'aikaciya. Ba a fara shi sai an shiga sati 13, daga nan duk bayan wata guda har haihuwa, aƙalla sau uku. Ke yanzu lokacinki bai yi ba, gidan sauro shi ne kariyarki a waɗannan makonni. Mai rashin jituwa da magungunan salfa, ko mai shan Septrin kullum, ta faɗa kafin a ba ta. Maganin zazzaɓin da ake bi gida gida ana ba yara da damina kuwa na 'yan ƙasa da shekara biyar ne, kada uwa ta ce bari ta ɗan sha na yaro. Haka duk wani rabon magani na unguwa, ki gaya wa masu rabon kina da ciki kafin ki karɓa.

Ciwon kai, ciwon baya, haƙori, zafin jiki: Panadol da sauran farasitamol. Ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar tazarar awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana guda, kuma a sha don buƙata, ba a mayar da shi abincin kullum ba. Na san an yi ta yawo da magana a waya cewa yana jawo galahanga, musamman bayan abin da gwamnatin Amurka ta faɗa a Satumbar 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujja a kan haka. Wani bincike da aka yi a Suwidin kan yara kusan miliyan biyu da rabi, aka fitar a 2024, ya gwada 'yan uwa ciki ɗaya, wanda uwa ta sha maganin a cikinsa da wanda ba ta sha ba, bai ga bambanci ba. Zafin jiki mai tsanani a farkon ciki kuwa an san yana da illa ga ɗa. Ni a ganina wadda ta kwanta jiki rau da zafi ta ƙi shan Panadol don wannan magana, ta zaɓi haɗarin da ya fi girma.

Waɗanda za ki nisanta su ne magungunan ciwon jiki da gajiya: Brufen, Cataflam, Feldene, Ibucap, garin Alabukun, da allurar daikulofenak da ake yawan yi a kemis. Daga sati 20 suna iya rage fitsarin ɗa ruwan ciki ya ƙafe, daga sati 30 kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan ya fito ya shaƙi iska. Suna kuma ƙara hawan jini, ke ga shi kina da shi. Magungunan mura na haɗi su ma ki bar su, don abin da ke buɗe hanci a cikinsu yana matse jijiyoyin jini. Sirace da ruwan zafi, zuma da lemun tsami sun wadatar. Tiramol da kodin da Valium, in uwa ta saba da su, jariri yana fitowa da sabon a jikinsa, ya yi ta kuka yana karkarwa ya ƙi kama nono. Wadda ta riga ta saba kada ta yanke a rana ɗaya, ta gaya wa likita a asirce a rage mata a hankali. Ba za a tona mata asiri ba.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta akwai masu lafiya da yawa: Amoxil, Ampiclox, Augmentin, da danginsu, idan likita ya rubuta. Ciwon mafitsara ga mai ciki ba a yi masa wasa, yana hawa ƙoda ya tayar da naƙuda kafin lokaci, shi ya sa ake karɓar fitsari a wurin awo ko ba ki ji komai ba. Ja da rawaya da doksisaikilin suna shiga ƙashi da haƙorin ɗa, haƙoran su fito da launi mai duhu wanda goge baki ba ya fitarwa. Septrin ana kauce masa a farkon ciki da gab da haihuwa sai da dalili. Ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, wanda mata ke kira sanyi, yana ƙaruwa da ciki, kuma a nan ne ake yawan shan abin da bai dace ba. Maganin matsi na asibiti ya fi ƙwayar fulukonazol ta haɗiya lafiya ga mai ciki, amma a bari a duba a san wane iri ne tukuna.

Yanzu maganar maƙwabciyarki. Jan maganin nan sinadarin ƙarfe ne, da shi jiki ke ƙera jini, ƙaramin rawayan kuma folik asid ne. Ba sa kumbura ɗa. Abin da ya fi sa ɗa ya yi girman da ya wuce kima shi ne ciwon suga da ba a kula da shi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin masu ciki a Najeriya jininsu bai kai ba. Kowace mace tana zubar da jini wurin haihuwa. Mai isasshen jini ta zubar ta tashi ta yi wanka, wadda ta shiga ɗakin haihuwa da tafin hannu fari fat, abin da wata za ta zubar ta wartsake ita sai ya kai ta ƙasa, a shiga neman leda biyu cikin dare. Na ga mata suna karɓar maganin nan su tara shi a ƙasan katifa har su haihu, kuma abin yana ci mani rai, don yana cikin mafi arhar abin da ke tsare rayuwar uwa. Gaskiya ne yana baƙanta bayan gida, yana ɗaure ciki, wasu yana tayar masu da zuciya. Ki sha shi bayan cin abinci ko da dare, ki bi da lemu, kada ki kora shi da shayi don shayi yana hana shi shiga jiki. Folik asid kuwa aikinsa mafi girma a farkon farko ne, don laka da ƙwaƙwalwa suna rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma tabbatar ba. Shi ya sa muke so duk mai neman ciki ta fara shi tun kafin ta samu. Ki fara yau. Ga yawancin mata maikurogiram 400 a rana ya isa. Mai miligiram 5 na masu sikila ne, da masu suga, da masu shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haifar ɗa mai buɗaɗɗen baya. Mai miligiram 5 ɗin yana rage wa Fansidar ƙarfi, saboda haka ranar da za a fara ba ki Fansidar ki nuna wa ma'aikaciya irin wanda kike sha.

Sai jiƙon Hajiya. Hajiya ba ta nufe ki da komai ba sai alheri, jikanta take tsarewa, kuma rabin maganarta gaskiya ce, mai ciki ba ta shan magani barkatai. Inda muka rabu shi ne, jiƙo ma magani ne. Kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi, ɗaya daga cikin magunguna biyun da ke cikin Coartem kuma asalinsa wata ciyawa ce ta ƙasar Sin 'yar dangin tazargade. Itace yana da ƙarfi, ƙarfin nan ne ma abin tsoron. Ƙwayar asibiti an auna ta, an san abin da ke ciki, an bi dubban matan da suka sha an ga abin da suka haifa. Saiwa da sassaƙe kuwa ƙarfinsu ya danganta da bishiyar, da lokacin da aka saro, da kwana nawa suka yi a ruwa, kofin yau ba ɗaya yake da na jibi ba. Wasu suna murɗa mahaifa, wasu suna sa gudawa, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda. Na kwalba da ake shela a mota ma haka, lambar NAFDAC a jikinsa ba ta nufin an gwada shi a kan masu ciki. Abinci daban ne: kwaɗon zogale, miyar kuka, wake, alayyahu, dabino, nono da aka dafa, ki ci ki ƙoshi. Amma saiwar zogale da ɓawonsa ki bar su. Addu'a da tofi babu mai hana ki, mu ma muna yi, sai dai kada su zama dalilin jinkirin zuwa asibiti.

Ba ke za ki yi musu da surukarki ba. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, maigida shi zai zauna da mahaifiyarsa ya ce mata likita ya hana saboda hawan jini. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a roƙi Hajiya ta raka ki awo ta ji da kunnenta. Dattijuwar da aka girmama aka yi wa bayani, sau da yawa ita ke komawa mai tuna maki lokacin shan magani.

Kanwa ina so ki yi nesa da ita, ko lasa don ƙwannafi ko kunun jego. Gishiri ce mai ƙarfi, tana tara ruwa a jiki tana ɗaga jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Mai hawan jini ita ce ta fi kowa shiga wannan haɗari, don haka tun yanzu a fara shirya maganar jegonki da su Hajiya da mutanen gidanku. Ƙwannafi akwai Gaviscon da makamantansa. Laulayi kuma a gwada cin abinci kaɗan kaɗan, da ɗan busasshen abu kafin a sauko daga gado, da citta. In amai ya hana ko ruwa zama, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, a je asibiti, akwai maganin amai na masu ciki, akwai ƙarin ruwa.

Idan wata ya kusa za a kawo maki maganin zaƙi, a ce shi ke wanke hanya. Abin da ke tsayar da naƙuda shi ne kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugu, ko ɗa ya kwanta ba daidai ba, ko mahaifa ta gaji, kuma babu jiƙon da ke gyara ɗaya daga cikinsu. Doguwar naƙuda a gida ita ke kai mata cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga. Mafi muni shi ne allurar naƙuda ko ƙwayar Cytotec a ɗaki. A asibiti allurar nan a cikin ledar ruwa ake sa ta, ana ƙirga ɗigo, ana sauraron bugun zuciyar ɗa, ana iya tsayar da ita cikin daƙiƙa. A gida in aka danna ta a cinya babu mai dawo da ita, mahaifa ta yi ta matsa ɗa a ƙofar da ba ta buɗe ba har ta fashe. Magungunan nan biyu su ne kuma ke tsayar da jini bayan haihuwa su ceci rai, a hannun wanda ya san lokacinsu.

Ga sauran 'yan'uwa masu karanta wannan da ke kan maganin dindindin, kada ku yi abin da tsoro ya sa ƙanwata ta yi ba tare da shawara ba. Mai farfaɗiya in ta yanke magani ta faɗi, ita da ɗa duka suna cikin haɗari. Epilim shi ne mafi illa a cikin magungunan farfaɗiya, kusan ɗaya cikin yara goma yana zuwa da tawaya, uku zuwa huɗu cikin goma kuma suna samun jinkirin fahimta, amma canza shi aikin likita ne, kuma an fi so a yi tun kafin ciki. Mai asma ta riƙe Ventolin ɗinta, numfashinta shi ne numfashin ɗa. Mai suga, insulin ba ya ratsawa zuwa wurin ɗa. Mai cuta mai karya garkuwar jiki, in babu magani yara 15 zuwa 45 cikin ɗari suna ɗauka, da magani kuwa abin yana sauka ƙasa da biyar. Mai tarin fuka ta ƙarasa maganinta. Mai shan maganin tsinka jini wafarin, ko maganin sikila haidiroksiyuriya, ko ƙwayar ƙurajen fuska aisotiretinoyin, ta ga likita ranar da ta ga batan wata. Man bilicin da "sha ka fashe" kuwa a ajiye su gaba ɗaya, wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki, yana ratsa fata ya isa ƙwaƙwalwar ɗa.

Akwai wani abu namu da ke jawo rabin wannan matsala, wato ɓoye ƙaramin ciki. Kunya ce, da gudun baki, kuma na fahimta. Amma watannin da muke ɓoyewa su ne watannin da magani ya fi tasiri. Maigida ya je kemis ya ce "iyali ce ba ta jin daɗi", mai kemis bai tambaya ba, shi bai faɗa ba. A ɓoye wa maƙwabta in ana so, amma duk mai miƙo magani, ko mai cire haƙori, ko mai ɗaukar hoton ƙashi, a gaya masa, ko da batan wata ne na kwana uku ba a tabbatar ba.

Ranar da za ki awo, ko a asibitin Turai 'Yar'aduwa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko ƙaramin asibitin unguwarku, ki zuba komai a jaka: kwalin lisinofiril, takardar mai kemis, katin haihuwarki ta baya, har da ɗan jiƙon da sunan itacen in Hajiya ta sani. Ki faɗi ranar da kika sha ƙwayar ƙarshe. Kafin ranar, ko bayanta, in kin ji ciwon kai mai tsanani da Panadol bai taɓa shi ba, ko gani ya dushe, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kin ga jini, ko zazzaɓi ya dawo, a tafi asibiti a lokacin ko tsakar dare ne. Idan an auna jinin an sa maki sabon magani, ki aiko mani da sunansa da yadda aka ce ki riƙa sha.